Janareton motar kwana yana ƙin tashi da sanyin asuba

Litinin da dare

Aminu Mai Burtsatse:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masu sani. Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse, kuma aikin kan kai mu ƙauyukan da ba masauki, sai mu yi kwana goma ba mu leƙa Birnin Kebbi ba. Shi ya sa bara na sayi wata tsohuwar mota 'yar Amurka, irin mai ɗaki a ciki, da gado da ɗan wurin girki da firij. A ƙasan gefenta akwai janareto da aka haɗa mata tun daga can, Onan 4000, na fetur, daga tankin motar yake shan mai. Wutar bolt 120 yake bayarwa, sai na sa taransifoma saboda kayanmu na nan.

Tun da na saye ta bai taɓa ba ni wahala ba sai da hunturun nan ya kankama. Yanzu muna aiki a wani ƙauye kusa da Dakingari, a bakin fadama. Da asuba in na danna, sai ya riƙa juyawa da ƙyar, gur, gur, gur. In yi ta dannawa har fitilar makunnin ta soma ƙiftawa. Wani lokaci ya kama, ya yi tari biyu, ya mutu. Amma da hantsi ya yi, wajen ƙarfe 11, taɓawa ɗaya zai tashi ya yi ta aiki lafiya lau har dare. Na canja fulogi sau biyu. Wani makanike a bakin hanya ya ce kafireta ce ta mutu, sai an yi odar sabuwa daga Legas. Kafin in zuba kuɗi na ce bari in ji ta bakinku. Kuma da safen ne na fi bukatarsa, da shi muke dafa ruwan shayin yara, mu yi cajin na'urar awon ruwan ƙasa kafin mu fita.

Shafi'u Kamba:
Wa alaikumus salam Yaya Aminu. Makaniken nan gaskiya ya gaya maka. Janareton da zai kama ya mutu, kafireta ce. Kayan inji nake sayarwa, kullum sai an zo mini da irin wannan. Turo hoton lambar da ke jikinta in tambaya maka kuɗinta.

Bello Direba:
Malam Aminu sanyi ne kawai ya kama shi. Mu da muke kwana da tirela a hanya, in ta ƙi tashi da asuba kaskon gawayi muke turawa ƙarƙashin inji na ɗan lokaci, mai ya saki, sai ta tashi. Gwada ka gani.

Baba Garba Makanike, Argungu:
Bello don girman Allah kar ka ƙara ba wani wagga shawara. Tirela gas take sha, wanga inji fetur. Gas sai ya yi zafi shike kamawa, fetur tururinai kaɗai ya isa. Ka tura garwashi ƙarƙashin motar da tiyon fetur ya bi ta nan, ga gado ga mutane bisa, mi kake nema? Ko a tirelar ma ban so.

Aminu ɗana, aje kuɗinka tukuna. Shekara talatin da wani abu nike wanga aiki, kuma kafiretan da anka jefar da ranta ta fi wadda ta mutu yawa. Kafireta in ta mutu, ba ta san safe ba, ba ta san rana ba. Injin da ka tashi da hantsi taɓawa ɗaya ya yi aiki har dare, kafiretanai na da sauran rai. Amsa min waɗanga. Wane irin baƙin mai kunka zuba mai, kuma yaushe? Man tankin motar ya kai ina? In ka gama dannawa, kana jin warin fetur ko babu? Kuma fulogin da ka cire, bakinai busasshe ne ko jiƙaƙƙe?

Aminu Mai Burtsatse:
Allah ya ƙara girma Baba. Baƙin man, wata biyu da suka wuce na sa yaro ya sayo na awo a kwalba, mai kaurin nan da ake ce wa 40. Tanki ya ɗan wuce rabi. Warin fetur ba na ji sosai. Fulogin da na cire da safe a bushe yake, sai dai baƙi ne, kamar gindin tukunya.

Injiniya Nasiru, Gusau:
Amsar nan taka ta ƙarshe ta faɗi abu mai yawa. An yi ta juya inji, sannan a ciro fulogi a bushe, wato mai bai isa ɗakin wuta ba. Da wutar fulogi ce babu, da ka same shi jiƙe sharkaf yana warin fetur. To ka daina sayen fulogi.

Ina so mu fahimci abu ɗaya. An ƙera injin nan ne don ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Sanyin da muke kuka da shi a Kebbi da Zamfara, da asuba digiri goma sha wani abu ne. Wannan bai isa ya hana lafiyayyen inji tashi ba. Abin da yake yi, yana tona asirin rauni da ke nan tun tuni, wanda zafin rana ke rufa wa asiri. Ruwan fetur ba ya cin wuta a cikin inji sai ya zama tururi ya cakuɗa da iska. In ƙarfe ya yi sanyi, man da kafireta ta fesa sai ya lafe a jikin bututu, kaɗan ne ke isa ciki. Shi ya sa aka yi cok, ya toshe hanyar iska don injin ya zuƙi mai da yawa a farko. A janareton gida da hannu kake ja. A irin naka da kansa yake rufewa: akwai wani naɗaɗɗen sifirin na ƙarfe, in ya ji sanyi ya rufe cok, in inji ya ɗumama ya sake shi. A daidai wannan lokacin kuma batir ya yi rauni saboda sanyi, baƙin mai ya yi kauri. Abu uku ke nan suka haɗu a kansa da asuba, da hantsi kuwa duk sun sassauta.

Fitilar da ka ce tana ƙiftawa, ƙirga ta. In sau huɗu take yi ta tsaya ta maimaita, cewa take an juya inji ya wuce kima bai tashi ba. In sau uku ce, danna wajen kashewa sau ɗaya, za ta ba ka lamba biyu, ka turo mana.

Aminu Mai Burtsatse:
Sau huɗu take yi Injiniya. Ban taɓa sanin magana take yi ba, na ɗauka lalacewa ce.

Usman Rewaya, Jega:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne gur gur ɗin nan. Irin waɗannan motoci batir biyu gare su, na injin mota daban, na ɗaki daban, kuma galibi na ɗakin ne ke tayar da janareto. Wayar da ta taso daga batirin zuwa janareto doguwa ce, ta bi ƙarƙashin mota, ta sha ruwa ta sha laka shekara da shekaru. Oga Aminu kana da mita? Gobe kafin ka taɓa komai, auna bakin batirin ɗaki. Cikakke yana nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. In ka ga 12.2, rabi ke nan. Sai ka sa yaro ya danna, kai kuma ka auna wuri biyu yana cikin juyawa: a bakin batir, da kuma inda jar waya ta shiga jikin janareto. In ya faɗi ƙasa da 10, akwai magana. In a batir yana da kyau amma a janareto ya faɗi, waya ce ke cinye wutar a hanya.

Sai gwaji na biyu, mai sauƙi. Tayar da injin motar, bar shi minti biyar, sannan ka danna janareto. A yawancinsu injin mota yana tura caji zuwa batirin ɗaki. In ka ji juyin ya sauya, ka san inda ciwon yake.

Kuma don Allah ka daina matsa wa kik. Daƙiƙa goma, ka saki, ka bari ya huce. Kik ɗin wannan injin ba ya nan a kasuwarmu.

Injiniya Nasiru, Gusau:
Ƙari a kan na Usman. Makunnin nan, in ka danne wajen kashewa ka riƙe, famfon mai na lantarki zai soma aiki, za ka ji shi yana tik tik tik a ƙasa. Haka ake cika kafireta kafin a tayar. Riƙe shi kamar rabin minti, sannan ka danna tayarwa. Kuma ka riƙe a ranka, bututun da ke ɗebar wa janareto mai bai kai gindin tanki ba, da gangan aka yi shi haka don kar ya shanye man ya bar ka a daji. In mai ya sauka wajen kashi ɗaya cikin huɗu, janareto zai mutu alhali mota na tafiya. Naka ya wuce rabi, ba wannan ba ne yau, amma wata rana zai yi maka amfani.

Baƙin man nan kuma ka zubar da shi. Sa 15W-40.

Bello Direba:
A nan kam ban yarda ba Injiniya. Ƙasarmu ƙasar zafi ce. A watan huɗu Birnin Kebbi sai ta haura digiri 40. Ka zuba mai tsinkakke ya zama ruwa, inji ya buga. Mai kauri shi ne namu.

Baba Garba Makanike, Argungu:
Ga wagga ina bayan Bello kaɗan. Mun ga injin da anka zuba ma mai na zamani, wata biyu ya fara hayaƙi.

Injiniya Nasiru, Gusau:
Baba ranka ya daɗe, lambar ce ke rikita mutane. 15W-40 lamba biyu ce. Ta farko mai W tana nuna yadda man ke gudana a sanyi. Ta biyu, 40, kaurinsa ne in inji ya yi zafi, kuma daidai yake da na 40 ɗin da kuka saba. Wato da rana ba ka rasa komai ba, da asuba kuma ka samu sauƙi. Ga gwajin da kowa zai iya: zuba kowanne a kwalba, ka bar su waje su kwana, da asuba ka karkata su tare. Ɗaya zai zubo kamar man gyaɗa, ɗaya zai biyo a hankali kamar zuma. Cikin wannan zumar kik ɗin Aminu ke ƙoƙarin juya ƙarfe.

Injin da kuka ga ya yi hayaƙi, ina kyautata zaton ko dai ya riga ya ci, ko man jabu ne aka sa masa a galan mai kyau.

Baba Garba Makanike, Argungu:
To nan munka haɗu. Jabun shi ne tsorona. Na awo a kwalba ma ba ka san mi aka zuba maka ba, wani tsohon mai ne anka tace. In zai samu na gaskiya mai hatimi a baki, ya sa. Ba ni da ja.

Malama Hadiza, Yauri:
Ku yi haƙuri in katse ku, ni ba makanikiya ba ce, ma'aikaciyar jinya ce. Malam Aminu ka ce injin yana aiki har dare, kuma a ƙasan inda kuke kwana yake. Da sanyin nan na san tagogi a rufe suke. Kuna barci yana aiki?

Aminu Mai Burtsatse:
Gaskiya Malama, kwana biyun nan muna barin sa ya kai tsakar dare, saboda tsoron in an kashe da wuri ba zai tashi ba a yi caji. Yara biyu ke kwana a ciki tare da ni.

Malama Hadiza, Yauri:
Innalillahi. Don Allah daga daren yau a daina. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashe ka. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu, sai jini ya kasa kai iska ƙwaƙwalwa. Mai barci daga barcin yake wucewa. Na taɓa karɓar mutanen gida guda da aka kwaso da safe, janareto suka shigar zaure saboda ɓarayi. Ba duka suka tashi ba, kuma har yau ina ganin fuskar uwar. Alamarta ciwon kai da safe, jiri, tashin zuciya, kasala. Mutane sai su ce zazzaɓi ne ko sanyi. Tambayi yaranka. Kuma ka duba salansa, bakinta ya fito waje da jikin mota, ba tsaga ba huda. Irin motocin nan suna zuwa da 'yar na'ura mai ƙara in gubar ta taru, amma tana da wa'adi, bayan shekara biyar zuwa bakwai ba a dogara da ita. Taka tabbas ta wuce haka.

Aminu Mai Burtsatse:
Jikina ya yi sanyi Malama. Ƙaramin cikinsu jiya ya tashi da ciwon kai, na ba shi magani na ce hazo ne. Yanzu na fita na kashe, na buɗe tagogi. Allah ya saka da alheri. 'Ya'yan mutane ne aka ba ni amana.

Malama Hadiza, Yauri:
Amin. In ciwon kan ya dawo ko ya yi amai, kai shi asibiti ka gaya musu maganar hayaƙin, kar ka bari su tsaya kan zazzaɓi kawai.

Talata da safe

Aminu Mai Burtsatse:
Barkanmu da asuba. Yaron ya tashi garau, alhamdu lillahi. Ga abin da na samu bayan sallah, hazo ya rufe fadama ko bishiyar da ke gabanmu ba a gani sosai.

Batirin ɗaki kafin a taɓa komai: 12.4. Yaro ya danna, a bakin batir ya sauka 11.1. A jikin janareto kuwa 8.9. Na riƙe wajen kashewa, na ji famfo yana tik tik kamar yadda Injiniya ya ce. Na tayar da injin mota na jira, na sake dannawa. Juyin ya ƙaru sosai, amma bai kama ba. Sau uku ina gwadawa ina hutawa.

Usman Rewaya, Jega:
To ka gani. Batirinka bai mutu ba. Sama da bolt biyu ke ɓacewa tsakanin batir da janareto. Bi wayoyin da hannu. Ka fi mai da hankali kan baƙar wayar da aka ɗaure a jikin shasi, a nan tsatsa ke ɓuya, daga waje ka ga kamar lafiya. Cire kan batir tukuna, baƙar waya farko. Kwance notin, goge bakin wayar da wurin zamanta da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ɗaure tamau, sannan ka shafa giris a kai.

Shafi'u Kamba:
Amma kun ji dai, ko da ya juya da ƙarfi bai kama ba. Maganata ta dawo. Mai ba ya zuwa, kafireta ce.

Baba Garba Makanike, Argungu:
Shafi'u ɗana, mai ba ya zuwa, gaskiya ne. Amma mi ya hana shi zuwa? Nan ne aikin. Aminu, tun inji na da sanyi, buɗe murfin, cire filtar iska, ka haska tocila cikin bakin kafireta. Za ka ga wani ɗan faifai awa kwabo bisa sanda, shi ne cok. Da sanyin ga ya kamata ka ishe shi rufe. Gaya min yadda ka gan shi. In buɗe shike, nemi ɗan hannun da ka juya shi daga waje, ka tura da yatsa a hankali, kar ka tilasta. In ya rufe, riƙe shi, yaro ya danna. Kar ka kai fuskarka kusa da bakin, wani lokaci shina tofo wuta.

Aminu Mai Burtsatse:
Allahu Akbar! Baba ya tashi! Faifan a buɗe na same shi, ya tsaya a karkace. Sandar da ke juya shi ta yi kauri da wani baƙin abu kamar kwalta, ƙura ce ta haɗu da maiƙo. Da na tura sai na ji ta yi ƙas ta motsa. Na riƙe, yaro ya danna, ko juyi uku bai yi ba ya kama. Na saki a hankali, ya ci gaba. Yanzu haka ruwan shayi na kan wuta. Ƙarfe 7 saura.

Injiniya Nasiru, Gusau:
Masha Allah. Ciwo biyu ne ashe suka haɗu, wayar da ke cinye wuta da cok da ya maƙale. Kowanne shi kaɗai da wataƙila injin ya daure. Ka ga kuma dalilin baƙin fulogi: sandar da ta kasa rufewa sosai da safe, ita ce ke kasa buɗewa sosai da rana, sai injin ya wuni yana shan mai fiye da kima. Kana asarar fetur ba ka sani ba. Lafiyayyensa a rabin lodi wajen lita 2 yake sha a awa, ka gwada ka gani bayan gyara.

Bello Direba:
Ɗiga masa baƙin mai a sandar, za ta saki.

Baba Garba Makanike, Argungu:
A'a Bello. Man ne ya kawo mu nan. Wani ya taɓa ɗiga mata, hazo ya zo ya zauna bisa. Ƙurar hunturu ta fi gari laushi, duk inda ta ishe maiƙo nan take kwana. A wanke sandar da maganin wanke kafireta na gwangwani, ko ɗan fetur da tsohon buroshin haƙori, inji na kashe kuma ya huce, a yi ta motsa ta har ta koma tana dawowa da kanta. A bar ta busasshiya. Kuma kar ka lanƙwasa sifirin ɗin, kar ka kwance shi. Masu ƙera shi sun auna shi.

Filtar da ka cire fa, yaya take?

Aminu Mai Burtsatse:
Ta takarda ce Baba, ta koma ja wur. Da na buga ta a tayar mota ƙurar da ta fito ta isa cika gwangwanin madara. Wani yarona ya ce mu bar shi ba filta tunda ya fi shaƙar iska.

Baba Garba Makanike, Argungu:
Ja kunnenai. Sati biyu ba filta cikin wanga hazo, ringi ya tafi. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. Kakkaɓe ta a hankali ka maida kafin ka samu sabuwa.

Shafi'u Kamba:
Na karɓa Baba, na yi gaggawa. Da ya biye mini da ya kashe kuɗi masu yawa, kuma wayar na nan da tsatsarta. Amma ina roƙon a duba abu ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mutanen da ke aiki a ƙauye da yawa wajen 'yan bumburutu suke saye, a jarka. Wani man ya daɗe, wani da ruwa a gindinsa. Fetur in ya kwana biyu, sashensa mai saurin tashi shi ke fara gudu, kuma shi ake bukata da sanyi. Abin da ya rage sai ya bar danƙo a ƙaramin jet, wato 'yar hudar da mai ke bi a cikin kafireta. Yaya Aminu a ina kake shan mai?

Aminu Mai Burtsatse:
In na fito daga gari a gidan mai nake cikawa. In aiki ya ja, jarka ce, ba yadda zan yi.

Injiniya Nasiru, Gusau:
Wannan maganar Shafi'u tana kan hanya. A gindin kofin kafireta akwai 'yar kusar zubarwa. Inji a kashe, a sanyaye, ba mai shan taba kusa, ka tara kwalba mai haske ka sassauta ta. Bar abin da ya fito ya zauna minti biyu. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido.

Kuma tunda kana wurin, duba jikin kofin, akwai ɗan maɓalli da ake juyawa mai lambobi, daga 0 zuwa sama. Na tsayin ƙasa ne, da ƙafa ake ƙirga shi. A kan duwatsu iska ba ta da kauri, sai a rage mai. In wanda ya sayar da motar mutumin tudu ne a can Amurka, zai bar shi a sama. Mu kuwa kwarin gulbi muke, Birnin Kebbi ko ƙafa dubu ba ta kai ba daga matakin teku. In an bar shi a sama, injin zai riƙa ƙishin mai in an ɗora masa lodi, ya yi zafi fiye da kima.

Aminu Mai Burtsatse:
Na gan shi Injiniya. Yana wajen 5000.

Injiniya Nasiru, Gusau:
Maido shi ƙasa, kusa da 0. Muddin cok na maƙale yana ƙara masa mai, wannan ƙarancin a ɓoye yake. Da ka wanke sandar zai fito fili, gara ka gyara su tare.

Laraba da safe

Aminu Mai Burtsatse:
Salam. Jiya da la'asar muka tashi aiki da wuri na zauna a kansa. Baƙar wayar shasi, Usman, da na kwance notin sai ga wani farin gari da tsatsa, bakin wayar saura 'yan silili ke riƙe da shi. Na yanke na sa sabon kai. Kofin kafireta ya fitar da ruwa kamar cokali guda da wani jan gari. Na wanke sandar cok, na maido maɓallin ƙasa. Na aika Bunza aka sayo mini 15W-40 mai hatimi, na zubar da tsohon tun inji na da ɗumi, baƙi ƙirin ya fito.

Yau ƙarfe 6 da kwata, ban tayar da injin mota ba. Na leƙa da tocila, faifan a rufe ruf da kansa. Na riƙe famfo, na danna. Bugu ɗaya. Mita a jikin janareto ta nuna 10.8 lokacin juyawa. Ya ɗan yi hawa da sauka na kamar minti ɗaya sannan ya daidaita. Salansa ma na duba, akwai 'yar huda kusa da maɗaurinta, daidai ƙasan gado. Mai walda zai zo gobe, kuma na ce masa a cire ta a yi waldar nesa da mota. Har sai an gyara, da rana kawai muke kunnawa, tagogi a buɗe, kowa na waje.

Malama Hadiza, Yauri:
Alhamdu lillahi da ka duba. Ko bayan walda, kar a kwana da shi a kunne. Ka nemi sabuwar na'urar nan mai ƙara, akwai mai amfani da batirin tocila.

Usman Rewaya, Jega:
10.8 ya yi. Amma 12.4 da ka gani jiya yana nuna batirin ba ya cika. Janareton ba shi ke cajinsa kai tsaye ba, akwai caja a cikin ɗakin da ke karɓar wutar 120 ta mayar 12. In ka shigo Jega ka tsaya in auna ta.

Injiniya Nasiru, Gusau:
Hawa da saukar nan, in ta tsaya a minti ɗaya ba komai. In ta soma daɗewa, ƙaramin jet ne ke neman wanki, kamar yadda Shafi'u ya faɗa. Kuma in damina ta zo aiki ya tsaya, kar ka ajiye shi shiru. Masu shi sun ce a kunna shi duk wata, awa biyu, da rabin lodi.

Aminu Mai Burtsatse:
In sha Allahu. Usman, ranar Asabar zan biyo. Saura filta, na tambaya a Bunza babu irinta.

Baba Garba Makanike, Argungu:
Ba za ka same ta nan kusa ba. Auna tsawonta da faɗinta da kaurinta, ka ɗauki hoton lambar ka turo ma Shafi'u, shi ya san hanyar Legas. Ka ce ya sawo biyu, hazon ga da sauranai har watan biyu.

Shafi'u Kamba:
Turo Yaya Aminu, yau zan kira.